Tsaka, Dare da Tsofaffin Itatuwan Madarunfa

Idan ana lissafin albarkar da Allah Ya ajiye a ƙasar Madarunfa, da tafki ake farawa. Sai kifinsa, sai tsuntsayen da ke sauka bakinsa lokacin sanyi daga ƙasashe masu nisa, sai kaburburan waliyyai 99 da jama'a ke ziyarta a kewayensa. Dattawa kan ƙara da giwayen da a da suke ƙetarowa daga dazuzzukan Najeriya zuwa dajin Baban Rafi. Hukuma ma haka lissafinta yake. A 2006 Nijar ta miƙa wa UNESCO sunan tafkin da gandun dajin Madarunfa da kaburburan, tana neman a sa su cikin wuraren tarihi na duniya, a 2019 kuma aka shigar da tafkin ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar mai kare wuraren ruwa. Duk cikin wannan lissafi babu tsaka. In an ambace ta, to maganar kashe ta ake yi.

Ni ina ganin ta cancanci a zauna a yi maganarta da natsuwa. Tana cikin halittun da ke yi wa daji da gona aiki a lokacin da mutane ke barci, kuma abin da ke raba ta da daji shi ne dai abin da ke talauta dajin kansa.

Wadda kowa ya sani ita ce mai hasken jikin nan da ke laɓewa tsakanin azara ko bayan kalanda, ta fito kusa da fitila in magariba ta yi. Masana na kiran ta Hemidactylus angulatus, kuma kusan babu garin da ba a samun ta a Afirka ta Yamma. Asalinta ba 'yar ɗaki ba ce. Kafin ta samu bango da fitila, ƙarƙashin ɓawon itace da tsagin dutse da ramukan suri ne gidanta, har yau ma 'yan uwanta da dama can suke. Danginta babba ne ƙwarai: an ƙidaya sama da iri 1,500 a duniya, kowace shekara kuma ana ƙara gano wasu, mafi yawansu masu fita da dare. A yankin Sahel akwai wata mai kauri da launin ɓawo, Tarentola ephippiata, wadda ta fi son jikin manyan itatuwa. Daga Senegal zuwa Kamaru, har da arewacin Najeriya, akwai wata mai yawo a ƙasa, mai ƙatuwar wutsiya cike da kitse, wadda ake kamawa a Gana da Togo da Benin ana kai wa masu kiwon sha'awa a Turai da Amurka. Can tsallaken teku, a wani tsibiri na Jamhuriyar Dominika, a 2001 Blair Hedges da Richard Thomas suka bayyana wata da tsawon jikinta, ban da wutsiya, kimanin milimita 16 ne kawai.

Jikin tsaka gaba ɗaya an shirya shi ne don dare. Yawancinsu ba su da fatar ido mai ƙiftawa; wani siririn marufi mai kama da gilashi ne ke kare idon, shi ya sa ake ganin tana lashe shi da harshe. Da rana ƙwayar idon kan tsuke ta zama ɗan layi a tsaye, da dare ta buɗe wangalam. A Jami'ar Lund ta ƙasar Suwidin, Lina Roth da Almut Kelber sun gwada wata tsaka ta gaɓar tekun Maroko da Muritaniya a 2004, suka tabbatar tana bambance launuka a hasken farin wata mai rauni, hasken da mutum ba ya ganin komai cikinsa sai baƙi da toka. Ƙafarta ta fi ba da mamaki. Babu danƙo a tafin, ba kuma zuƙar iska take yi ta manne ba. A ƙarƙashin yatsunta akwai gasu ƙanana da ido ba ya gani, miliyoyinsu, kowane ɗaya bakinsa ya rarrabu gida ɗaruruwa. Idan suka kwanta a jikin bango ko ganye, kusancin yakan kai matuƙar da wani ɗan jan da ke tsakanin ƙwayoyin abubuwa zai riƙe su. Kellar Autumn da abokan aikinsa a Amurka ne suka auna ƙarfin gashi guda a shekarar 2000, tun daga nan kuma injiniyoyi ke kwaikwayon tsarin. Amfanin wannan a daji shi ne tana farauta a ƙarƙashin reshe da bayan ganye, wuraren da ƙwari ke ɓuya kuma mafarauta kaɗan ne ke iya kaiwa.

A nan ne aikinta yake. Ƙadangare da ƙulɓa da yawancin tsuntsaye da rana suke kiwo, rana na faɗuwa sun nemi makwanci. Alhali kuwa a daidai lokacin ne wani babban rukuni na ƙwari ke tashi: faɗa-wuta iri-iri, gyare, kyankyaso, sauro, gara, da shinge in an yi ruwan farko. Masu tarar su da dare sun kasa wuri tsakaninsu. Jemage yana kamawa a iska, kwaɗo yana jira a ƙasa inda akwai damshi, gizo-gizo ya kafa saƙarsa, tsaka kuwa jikin itace ne rabonta, daga gindi har rassa. In aka cire ta, wannan gurbi babu mai cike shi yadda ya kamata.

Akwai wani abu game da jikinta da ke ƙara mata muhimmanci fiye da yadda girmanta ke nunawa. Ɓera da tsuntsu suna ƙona mafi yawan abin da suka ci don su ɗumama jininsu. Tsaka ba ta yin haka. Daga bango ko ɓawon da ya sha rana take samun ɗumi. Saboda haka abincin da take bukata bai wuce kashi ɗaya cikin goma na abin da ɓera mai nauyinta zai ci ba, kuma kaso mai yawa na abin da ta ci nama yake zama. Ƙwaron da ya yi wa tsuntsu ƙanƙanta har ba zai wahala a kansa ba, ita ya ishe ta. Daga nan mujiya ta ci tsaka, maciji ya ci, cilakowa ta zaƙulo ta daga tsagin ɓawo, bushiya ma ta samu rabonta. Ta hanyarta ne ƙwarin da ba su kai ƙwayar gero ba ke zama abincin manyan halittu. Kuma inda wuri ya yi musu daɗi yawansu kan ba da mamaki. A tsibirin Guana na yankin Karibiyan, wani bincike da Gordon Rodda ya jagoranta a 2001 ya samu ƙananan tsaka masu zama cikin busasshen ganye da yawansu ya haura 50,000 a hekta ɗaya.

Me ke faruwa idan aka raba itatuwa da masu cin ƙwarinsu? An gwada. Tun daga shekarun 1980 David Spiller da Thomas Schoener suka riƙa killace filaye a tsibiran Bahamas, su kwashe ƙadangarun wasu su bar na wasu. Inda aka kwashe, gizo-gizo ya ninka, ɓarnar da ƙwari ke yi wa ganye kuma ta ƙaru. A 1995 Roman Dial da Roughgarden suka fitar da sakamakon irin wannan gwaji a saman dogayen itatuwan kurmin Fotoriko, abin da suka gani kuma bai saɓa ba. Waɗancan ƙadangarun rana ne, amma hanyar aikin ɗaya ce da ta masu fita da dare. A wasu tsibirai aikin ya wuce cin ƙwari: a Niyu Zilan akwai tsaka masu shan ruwan fure da cin 'ya'yan itace da dare, suna kai ƙurar fure daga wannan itace zuwa wancan, suna kuma watsa iri.

Manomin jihar Maraɗi ba baƙo ba ne ga wannan tunani. Murzunar da ke cin zangarniyar hatsi, uwarta faɗa-wuta ce mai tashi da dare ta yi ƙwai a kan zangarniya. Shekaru da dama ke nan masu bincike na INRAN, cibiyar binciken aikin gona ta Nijar, da na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi suna raba wa ƙauyuka 'yan buhunan da ke ɗauke da wani ɗan mitsitsin zanzaro, Habrobracon hebetor, mai kashe tsutsar murzuna, manoma kuma sun gani da idonsu sun yarda. Ba na cewa tsaka za ta kawar da murzuna, ko ta raba mu da zazzaɓin cizon sauro. Tana cin sauro, an tabbatar da haka a gwaje-gwaje a Ostireliya tun 1997, amma in ta samu ƙwaro mai tsoka shi za ta fi bi. Gidan sauro da maganin rigakafin da ake ba yara da damina babu abin da ke maye gurbinsu. Abin da nake cewa shi ne rage ƙwari aiki ne na taron halittu masu yawa, kowace tana ɗauke nata kaso, kuma duk wadda aka rasa, sauran nauyin kan manomi yake komawa, ya biya da kuɗin feshi.

Sai maganar tsoro, wadda ita ce ta fi kama zukatan mutane. Da yawa sun tashi da jin cewa tsaka na sa kuturta, ko in ta faɗa cikin abinci ya zama guba, ko in ta bi ta jikin mutum fatarsa ta ɗaye. Kuturta dai ƙwayar cuta ce ke kawo ta, wadda likita Gerhard Hansen ya gano a birnin Bergen na Norwe a 1873. Daga mutum take zuwa ga mutum, ta ɗigon hanci da baki na wanda bai fara shan magani ba, bayan doguwar cuɗanya. Ana warkewa sarai da haɗin magunguna na wata 6 zuwa 12, kuma tun 1995 kyauta ake ba da su ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya. A cikin gundumar Madarunfa kanta, a Danja, akwai asibitin da ke kula da masu wannan cuta tun 1956. Abin da ke damuna da wannan camfi shi ne cutar da yake yi wa marar lafiya. Wanda ya ga tabo mai haske a jikinsa, wurin ba ya jin taɓi, in ya ɗauka tsaka ce ta bi ta kansa, sai ya tsaya shafe-shafe har jijiyoyi su lalace, yatsu su fara naƙasa, alhali da ya je asibiti da wuri da bai rasa komai ba. Kumburin da ke tashi a fata da damina kamar ƙuna, sau da yawa aikin ƙwari ne irin su hangara, masu zuwa wurin fitila, in an murƙushe su a jiki.

Dafi kuwa, babu wata tsaka da aka sani tana da shi. Sai dai tsoron iyayenmu game da abinci ba a banza yake ba. Kashinta, ɗan baƙin nan mai farin kai, yana iya ɗaukar ƙwayar salmonela mai sa gudawa da zazzaɓi. Masu bincike a Jami'ar Najeriya da ke Nsukka sun nuna haka tun a shekarun 1980. A cikin ɗaki ke nan ta zama ƙadangaren bakin tulu. Maganin abin a bayyane yake: a rufe tukunya da randa, a share kashin, a toshe tsagin bango kusa da wurin ajiye abinci, a wanke hannu. Wanda ya feshe ɗakin da yara ke kwana da fiya-fiya don ya kori tsaka, ya shigo musu da haɗarin da ya fi nata nesa ba kusa ba.

Ba za a yi wannan magana a ƙasar Musulmi a tsallake hadisi ba. Ya tabbata a Bukhari da Muslim, daga Ummu Sharik (RA), cewa Manzon Allah (SAW) ya yi umarni da kashe dabbar da Larabawa ke kira wazag, Muslim kuma ya ruwaito ladan yin haka daga Abu Huraira (RA). Malamanmu da tsaka suke fassara ta, Imam Nawawi ma ya sa ta cikin halittu masu cutarwa. Ban zo yin jayayya da nassi ba, fayyace iyakar hukuncin kuwa aikin malamai ne. Abu biyu kawai zan ja hankali a kai. Waɗannan hadisai ba su ce tana sa kuturta ba, don haka kada a jingina wa Annabi (SAW) abin da bai faɗa ba. Sannan wanda ya buge tsaka a ɗakinsa, ba shi ne ke ƙarar da jinsinta ba. Masu zama a gida ma ƙaruwa suke yi duk inda lantarki da fitilun sola suka isa, domin haske na tara musu ƙwari. Waɗanda ke cikin hatsari su ne na daji, kuma abin da ke kashe su gatari ne da wuta da guba, abubuwan da addinin nan ya yi kashedi a kansu inda ya hana ɓarna a bayan ƙasa da azabtar da mai rai da wuta, ya kuma kwaɗaitar da dasa itace.

Don a gane dalili, sai a dubi bambancin dajinmu da kurmi. A kurmin Kamaru ko Kwango, inda ruwan shekara kan kai milimita 2,000 ko fiye, maɓoya ba ta yankewa: ganye jibge a ƙasa, kututtura masu ruɓewa, inuwa dare da rana. A Madarunfa ruwan shekara yana tsakanin milimita 500 zuwa 600, a zuba shi cikin wata huɗu, sauran watannin ƙasa ta bushe, a watan Afrilu da Mayu zafi ya haura digiri 40. Halitta mai siririyar fata kamar tsaka ba za ta iya wuni a fili ba. Rayuwarta ta rataya ne ga ɓawon da ya ɗaga daga jikin itace, da kogo, da tsagin busasshen reshe. A nan take fakewa daga rana, a nan take ajiye ƙwanta guda biyu masu taurin ɓawo, su yi kusan wata biyu kafin su ƙyanƙyashe. Irin waɗannan wurare kuwa ba a samun su sai a jikin tsohon itace: tsohuwar tsamiya, kanya, marke, ƙirya, gawon da ya ga shekaru, da giyayyar bakin gulbi.

Su ne kuma ake fara rasawa. Gandun dajin Madarunfa ɗan ƙarami ne, kimanin hekta 830, gonaki sun kewaye shi. Baban Rafi, wanda ya fi shi girma nesa, shi ne ya daɗe yana ɗaukar nauyin murhun birnin Maraɗi. Dokar 1992 ta ba ƙauyukan Nijar damar kafa kasuwannin itace na karkara don su riƙa sara bisa ƙa'ida su amfana, tsari ne mai kyau a asalinsa, amma busasshen itace shi kowa ke fara nema, domin shi ya fi ci da wuta kuma shi ya fi sauƙin samun izini. Mai sassaƙen magani ya ɗaye ɓawo ya zagaye itace. Mai neman zuma ya cusa wuta cikin kogo, wani lokaci itacen ya kwana yana ci. Wutar daji ta lashe ganyen ƙasa da duk ƙwan da ke ciki. Ga matsalar 'yan bindiga a kan iyaka a 'yan shekarun nan, wadda ta sa sa ido a wasu sassan daji ya yi wuya. Ban ga laifin matar da ke neman abin hura wuta ba, ita ma dole ce ta sa ta. Amma ya kamata a san cewa itacen da ya bushe a tsaye gida ne ga halittu da yawa.

Guba kuma ba sai ta taɓa tsaka take kashe ta ba. A Madagaska, bayan feshin fara da aka yi a ƙarshen shekarun 1990, Ralf Peveling da abokan aikinsa sun bi diddigi suka wallafa a 2003 cewa maganin fifronil ya kashe gara da yawa, ƙadangarun da ke rayuwa a kan garar kuma suka ragu ƙwarai saboda yunwa. A lambunan bakin tafki da fadamun Gulbin Maraɗi da Gulbin Gabi, da filin noman rani na Jiratawa, duk wanda ke feshi fiye da ƙima da maganin da bai san asalinsa ba, yana kashe ƙwaron da ya dame shi tare da masu cin ƙwaron. Ƙwaro kuwa cikin 'yan makonni ya sake hayayyafa, ita tsaka mai ƙwai biyu sai ta ɗauki lokaci mai tsawo kafin ta dawo. Kada a ɗauka ƙaramar halitta ba ta ƙarewa. A tsibirin Kirsimeti na Ostireliya akwai wata tsaka ta daji da a da take ko'ina. Rabon da a gan ta a dajin tun 2012, yanzu sai waɗanda aka kama ake kiwo a keɓe.

Abin farin ciki shi ne jihar Maraɗi ta riga ta nuna wa duniya cewa itace na dawowa. Tun daga 1983, lokacin da Tony Rinaudo da manoman yankin suka fara barin tohon kututture a gona suna gyara shi maimakon sassabe shi, wannan dabara ta sassaben zamani ta bazu, har aka ƙiyasta ta maido da itatuwa kusan miliyan 200 a hekta miliyan 5 na kudancin Nijar. Wannan gagarumin aiki ne. Sai dai kalgo ko sabarar da ke da shekara biyar, wadda ake sarewa da zarar ta isa dirka, ba ta kai ga yin kogo ko ɗaga ɓawo ba. An maido da yawan itace, saura a maido da tsufansa. Gonar da ke da matasan itatuwa hamsin, in aka ware biyu ko uku aka ce waɗannan ba za a taɓa su ba har su tsufa, ta fi wadda ake sare komai a kan kari amfani ga tsaka da jemage da mujiya da zuma.

Don haka kirana ga manoman Gabi da Ɗan Isa da Safo da Sarkin Yamma shi ne kowa ya bar wasu tsofaffin itatuwa a gonarsa, ko da sun fara bushewa, a kuma daina sa wuta a kogo. Kwamitocin kasuwannin itace da ma'aikatan gandun daji su sa cikin ƙa'idar sara cewa a kowane yanki za a bar adadin busassun itatuwa a tsaye. Masu lambu su nemi shawarar malaman gona kafin feshi. Mafi yawan abin da aka rubuta a kan ƙadangarun Nijar baƙi ne suka rubuta shi, alhali Jami'ar Maraɗi ba ta da nisa da tafkin. Ɗalibanta su ɗauki tocila da littafi su shiga gandun dajin da dare tare da ma'aikatansa, su rubuta ire-iren tsaka da ke ciki da irin itacen da kowace ke zaune a kai. Wanda kuma ya ga tabo mai haske marar jin taɓi a jikinsa ko jikin ɗansa, kada ya tsaya zargin tsaka, ya tafi asibiti tun da wuri.